Amsar da Ke Mutuwa a Cikin Waya: Yadda Ilimin Gyara Ke Yawo Tsakanin 'Yan Sana'a a Fagge da Sabon Gari, Kano

Tsakure

Wannan takarda ta dubi hanyoyin da masu gyaran waya da kayan lantarki na Fagge da Sabon Gari ke bi wajen koyon sana'a, da kuma yadda suke tambayar juna idan aiki ya cije. An waiwayi zaman shago a gaban oga, da majalisar 'yan sana'a, da saƙon murya da ake turawa ta waya. Matsayin takardar shi ne tambaya da amsa sun wadata a wannan sana'a, ma'ajiya ce babu. Amsar da aka sha wahala kafin a samo ta kan ɓace cikin 'yan makonni, har da sunan wanda ya gano ta.

1.0 Gabatarwa



Wata waya tawa ce musabbabin wannan takarda. Ta daina caji, na kai ta wata rumfa da ba zan ambaci sunan mai ita ba. Yaron shagon ya canja bakin caji, shiru. Ya canja batir, shiru. Ogansa ya karɓa ya ɗora mita a kan fanel, wato allon cikin wayar, ya ga wuta na shiga amma tana zurarewa a wani wuri da ido ba ya gani. Sai ya ɗauki hoton fanel ɗin ya tura wa abokan sana'arsa a wani rukunin WhatsApp, ya bi shi da saƙon murya. Kafin a kira La'asar amsa ta zo daga wani da ke wani gari daban: a turara fanel ɗin da hayaƙin ƙaron dalma har ya yi fari, sannan a saka masa 'yar wuta kaɗan, duk inda farin ya fara narkewa, nan ne ɓarnar take. Haka aka yi, wani ɗan ƙaramin kafasito da bai kai ƙwayar gero ba ya tona kansa. Aka cire shi, waya ta tashi.

Bayan wasu watanni na koma rumfar da wata buƙata, na tarar da yaron yana fama da irin wannan matsala a wata wayar. Na tuna masa. Ya ce ya tuna an yi, amma bai riƙe yadda aka yi ba. Oga ba ya nan, saƙon kuma an goge shi tuntuni saboda wayar oga ta cika. Ya sake tura tambayar, ya zauna jira.

Bayanan da ke cikin takardar sun fito ne daga irin wannan zama da lura a bakin rumfuna, aka haɗa su da ayyukan magabata a kan koyon sana'a.

2.0 Unguwannin da Sana'a Ke Sauka

Fagge da Sabon Gari duk a wajen ganuwa suke, kuma duk baƙunta ce ta kafa su. Fagge ta daɗe tana zaman zangon fatake, musamman ayarin Azbinawa da ke saukowa daga arewa. Sabon Gari kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka shata ta a wajajen 1913, bayan isowar layin dogo Kano a 1911, don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Ahmed Bako (2006) ya rubuta tarihin unguwar da dangantakar mazaunanta, Rasheed Olaniyi (2008) kuma ya bi sawun Yarabawan Kano. Kusa da unguwannin biyu Kwarori suka kafa kantunansu, abin da ya bar mana sunan Kantin Kwari da na titin Beirut, wanda yau ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren cinikin waya da gyaranta a birnin.

Na'urori da dama da suka shigo Kano sun sami likita a wannan yanki: keken ɗinki, keken hawa, agogo, rediyo, talabijin, sannan bidiyo. Brian Larkin (2008) ya nuna yadda lalacewar na'ura da gyaranta suka zama wani ɓangare na rayuwar kafafen sadarwa a Kano. Da wayar salula ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, wasu daga cikin waɗanda suka fara buɗe cikinta masu gyaran rediyo da agogo ne, don su suka saba da dalma da ƙananan sukurori. Babu makarantar da ta yaye su a kan wannan. Sun lalata, sun biya, sun koya.

3.0 Zama a Gaban Oga

Tsohuwar hanya har yau tana nan daram. Uba ko yaya ya kai yaro shago, ya danƙa shi amana. Yaro ya fara da shara da aike da tayar da janareta, daga baya a bar shi ya liƙa gilashin kariya, ya kwance murfi, ya canja sikirin, sai can a ƙarshe ya taɓa fanel da injin hura iska mai zafi. Jean Lave da Etienne Wenger (1991) sun bayyana irin wannan tsari daga nazarin telolin Vai da Gola na Laberiya: almajirin tela kan fara da guga da ɗinka maɓalli, wato ƙarshen aiki, sai a hankali ya gangaro zuwa yanka, inda kuskure ya fi tsada. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a Fagge ya san haka abin yake, tun kafin a rubuta shi a littafi.

A Sabon Gari tsarin ya sha bamban da na cikin birni ta fuskar yarjejeniya. Inyamurai masu sayar da kayan gyara da kayan lantarki a titin Faransa da kasuwar Abubakar Rimi suna ɗaukar yaro na shekarun da aka yanke, in ya cika a sallame shi da jari. Yarabawa kuma suna da bikin yaye da suke kira firidom. Bahaushe bai cika yanke wa'adi ba. Yaro na zaune har ranar da shi ko oga ya ga lokaci ya yi. Philip Jaggar (1994) ya nuna yadda ƙira a birnin Kano ta rataya a kan gado da zuriya. Gyaran waya ba gadon kowa ba ne, shi ya sa ɗan malami da ɗan mahauci da ɗan Inyamuri ke haɗuwa a benci ɗaya.

Amfanin zaman shago ba ya musantuwa. Akwai sanin da ke hannu, baki ba ya iya faɗarsa, kamar yadda Michael Polanyi (1966) ya yi bayani: yawan zafin da ya ishi ayisi, wato ɗan guntun lantarkin da ke manne a ciki, ta saki fanel ba tare da maƙwabtanta sun motsa ba, ko warin da ke nuna abu ya ƙone. Wannan sai da kallo da maimaici. Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Maƙeri ya koya wa ɗansa ƙirar garma, garmar kuma ba ta canja ba har jikansa ya girma. Mai gyaran waya kuwa, abin da ya ƙware a kai a zamanin Nokia 3310 ba ya fisshe shi a kan Tecno da Infinix da iPhone na bana. Kowace shekara sabon samfuri, sabon tsarin fanel, sabon makulli. Oga ba zai koyar da abin da bai taɓa zuwa teburinsa ba. Shi ya sa ake ganin abin da tsofaffin sana'o'i ba su saba da shi ba: yaro ya riga oga sanin wani abu, oga kuma girma ya hana shi tambaya a gaban kwastoma.

4.0 Majalisa da Saƙo

Da yake shago ɗaya ba ya isa, dole a nemi na waje. Hanyoyi biyu ne, kuma bambancinsu shi ne ƙashin bayan wannan takarda.

Ta farko majalisa. Ana yin ta a teburin mai shayi, ko a ƙofar masallaci bayan Azahar, ko a rumfar wani babba da aka san hannunsa. Ita sai ka taka ka je. Kana ganin mai ba ka amsa, ka san aikinsa, ka san wayoyin da suka mutu a hannunsa da waɗanda ya tayar. In ya faɗi abin da ba daidai ba, na kusa da shi zai tare shi nan take, a yi musu, wani lokaci a ɗauko wayar a gwada a gaban kowa. Majalisa na da matata. Amma iyakarta layin da take. Wanda ke titin Beirut bai san abin da aka warware a kasuwar waya ta Farm Centre ba sai labari ya zagayo, yaron da bai kai zama da manya ba kuma sai dai ya tsinci abin da ya faɗo. Mace kuwa, in ta shiga sana'ar, da wuya ta sami gurbi a irin wannan zama.

Ta biyu saƙo. Shi ne ke zuwa ya same ka, ko kana shago ko kana kan gado. Ya rushe nisa: mai gyara a Fagge na iya jin ta bakin na kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ko ɗan kasuwar da ya je sari Caina. Ya kuma sassauta girma, don yaro na iya tambaya ba tare da ya durƙusa ba. Ba ƙaramin alheri ba ne wannan, kuma ban zo don in raina shi ba.

Illarsa ita ce kamar ruwan kwata yake, gaba kawai yake yi. Amsar kafasito na zuwa ne tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar rasuwa da tallan sikirin da cacar baki a kan siyasa. Wanda ya shigo rukunin yau ba zai tarar da abin da aka tattauna bara ba. Wanda ya daɗe a ciki kuma, tarihin na cikin wayarsa ne. In ta cika ya goge, in ta faɗa ruwa ko aka ƙwace ta, sau da yawa shi ke nan. Rukunin kansa na hannun mutum ɗaya ko biyu, in suka saɓa da jama'a sai a watse a buɗe sabo daga sifili. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 kowa ya gan ta, an yi jaje, an yi lissafin asara. Wannan kuwa gobara ce marar hayaƙi, kullum tana ci.

A nan ya kamata a dakata a kan maganar murya. Me ya sa mai gyara ke fifita saƙon murya a kan rubutu? Wasu za su yi saurin cewa ƙarancin boko ne. Akwai wannan, amma bai kai rabin dalili ba. Hannunsa ɗaya na riƙe da hantsaki, ɗaya da abin narka dalma. Baki ne kawai ya rage masa. Bayan haka harshen sana'ar kansa bai zauna a rubuce ba. Da Hausa yake magana da yaronsa, da buroka yake ciniki da mai kayan gyara a Sabon Gari, taswirar fanel kuma da Ingilishi ko Sinanci take zuwa. Abu ɗaya wani ya ce sikirin, wani ya ce gilashi, wani ya ce fuska. Siririyar wayar da ake tsallaka layin da ya katse da ita jamfa suke kiranta, kalmar da tela a Fagge zai ji ya ɗauko tef ɗin awo. A baki duk wannan ba matsala. Amma wurin binciken da ke cikin manhajar rubutu yake nema, ba ya shiga cikin murya ya zaƙulo kalma. Ko an rubuta ma, in mutum biyar sun rubuta kalma ɗaya ta hanya biyar, nema ya zama lalube cikin duhu.

Sakamakon da na fi jin tsoro shi ne gajiyar manya. Gwani ya amsa tambaya sau ɗaya da murna, sau biyu da haƙuri, a karo na biyar sai ya yi shiru. In gwanaye suka yi shiru, fili ya koma hannun masu ƙarfin baki, sai ka ji ana ba yaro shawarar ya gasa fanel gaba ɗaya ko Allah zai sa a dace.

5.0 Waɗanda Suka Ajiye Amsa

Ba sabuwar matsala ba ce, kuma yankin nan ya taɓa warware irinta a wani fage. Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya amsa tambayoyin da Askiya Muhammadu na Songhai ya yi masa. Amsoshin na nan, John Hunwick ya tace su ya fassara a 1985. A 1493 wani malami mai suna al-Lamtuni ya aika wa Imam Suyuɗi na Masar jerin tambayoyi a kan halin mutanen yankinsa. Suyuɗi ya amsa, ya kuma saka tambayar da amsar cikin littafinsa al-Hawi lil-Fatawi. Wasiƙa ce, wato saƙo, daga mutum ɗaya zuwa mutum ɗaya. Abin da ya raya ta fiye da shekara 500 shi ne an ɗauke ta daga hannun wanda aka aika wa, an ajiye ta inda baƙo zai iya zuwa ya karanta, da sunan mai tambaya da na mai amsa. Malamanmu na zaure ma haka suke yi in suka rubuta ta'aliƙi a gefen shafi, ɗalibin da ba a haifa ba ya zo ya amfana. Marina da maƙera da dukawa ba su sami wannan gata ba, shi ya sa sirrin rini da yawa ya bi masu shi kabari.

Misali na biyu daga Amurka yake, kuma ya fi kusa da bencin mai gyara. Julian Orr ya bi masu gyaran injin kwafin takardu na kamfanin Xerox, ya wallafa bincikensa a 1996. Ya gano cewa littafin umarni na kamfani ba shi ke fid da su ba idan inji ya yi taurin kai; labaran da suke ba juna a wurin karin kumallo su ne ainihin makarantarsu. Wato majalisar mai shayi. Daga baya kamfanin ya gina ma'ajiyar da aka kira Eureka, inda mai gyara ke rubuta dabarar da ya gano, ƙwararru daga cikinsu su tantance ta kafin a saka. Da aka yi maganar biyan kuɗi kan kowace dabara, masu gyaran sun fi son a maƙala sunan mutum a jikin abin da ya kawo. Suna suke nema a idon abokan sana'a.

Wannan ya yi daidai da abin da na lura da shi a Kano. Ana yawan cewa Bahaushe mai ɓoye sirrin sana'a ne. Na ga masu ɓoyewa, amma na fi ganin waɗanda ke ba da dabara kyauta, abin da ke ƙona musu rai shi ne su ji ta dawo daga bakin wani a matsayin tasa. Saƙon murya da aka tura aka sake turawa yakan isa wuri na huɗu babu uba.

6.0 Abin da Ba a Shanyawa a Rana

Akwai ƙalubalen da dole in amsa, don na san zai taso. Wani sashe na ilimin gyaran waya makami ne. Dabarar cire makullin wayar da mai ita ya manta lambarsa, ita ce dai dabarar buɗe wayar da aka ƙwata da wuƙa a bakin titi. Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da ƙwacen waya ya jawo na rayuka. Haka kuma mai gyara na ganin hotuna da saƙonnin mutane, har da manhajojin bankinsu. Idan aka ce a tara komai a buɗe wa kowa, an saukaka wa ɓarawo aiki.

Wannan gaskiya ce, kuma a nan tsohuwar hanya ta fi. Oga ya san yaron da za a iya danƙa wa irin wannan sani da wanda ba za a danƙa wa ba. Don haka abin da ya shafi makulli da bayanan mutane ya tsaya a hannun oga da shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, baki da baki. Amma layin caji da ya katse, da fitilar sikirin da ta mutu, da batir na jabu da ke kumbura, ɓoye su ba ya kare kowa. Kwastoma kawai yake cuta, wanda za a canja masa abubuwa uku kafin a dace da na huɗu, kuma shi zai biya duka.

Akwai kuma masu ɓoyon da suka fi oga ƙarfi, wato kamfanonin da ke ƙera wayoyin, waɗanda ba su cika sakin taswirar fanel ba, wasunsu ma sukan ɗaure kayan gyara da lambar wayar yadda sabon sikirin ba zai yi aiki sosai ba sai da izininsu. Faransa ta wajabta nuna makin sauƙin gyara a jikin wasu na'urori tun Janairun 2021, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar 'yancin gyara a 2024. Mai gyara a Fagge ba shi da irin wannan garkuwa, ƙwaƙwalwar abokan sana'arsa ce kaɗai taswirarsa.

7.0 Inda Aikin Yake

Ba na ganin hikima a ce wa mai gyara ya bar murya ya koma rubutu. Ba zai yi ba, kuma yana da hujja. Abin da ake buƙata magatakarda ne: mutum ɗaya ko biyu a kowane layi, ko ɗalibai masu zaman koyon aiki, da za su riƙa tsamo amsar da aka gwada ta yi, su rubuta ta da Hausa a taƙaice: samfurin waya, alamar ciwo, abin da aka auna, abin da ya warkar, da sunan wanda ya gano. Manyan layi su duba kafin a ajiye. A bar muryar a jingine da rubutun, ga wanda ya fi son ji. Ma'ajiyar kuma ta zama mallakin ƙungiyar 'yan kasuwa, kada ta rataya a lambar wayar wani.

Akwai turbar da aka riga aka share. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar Panteka, hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE kuma na da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a a wajen aji. Mai gyaran da sunansa ke jikin dabaru da dama da aka tantance ya riga ya tara hujjar da zai gabatar.

Saura namu, masu nazarin harshe. Kafin a iya neman abu a ma'ajiya sai an daidaita yadda ake rubuta sunansa. Kalmomin nan suna bakin masu su, a titin Beirut da titin Faransa, ba sai mun ƙirƙiro wasu a ofis mun kai musu ba. Ina roƙon sassan Hausa na Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun Kano su tura ɗalibai su zauna a waɗannan benci da littafi da biro, su fara da tattara sunayen sassan waya kamar yadda masu gyara ke faɗarsu.